Yadda Mazauna Ƙasashen Waje Za Su Kai Kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a

Ɗan Najeriya da ke zaune a Jidda, Kumasi ko Landan, wanda fasfonsa ya maƙale ko fanshonsa ya tsaya, yana da inda zai kai kukansa ba sai ya sayi tikitin jirgi ba. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wato PCC, an kafa ta a 1975. Hedkwatarta na Abuja, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko sisi.

Da farko ka tantance wanda ya zalunce ka. Hurumin hukumar ya shafi ma'aikatun tarayya da na jihohi, da ƙananan hukumomi, da kamfanonin da aka yi wa rajista a Najeriya. Ofishin jakadanci yana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, fasfo kuwa aikin Hukumar Shige da Fice ne. Amma idan kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka da aikinka, ne ya riƙe maka albashi a Saudiyya, wannan sai hukumomin ƙwadago na can, da taimakon ofishin jakadanci ko NiDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje.

Sannan kada ka tsallake matakin farko. Doka ta hana PCC shiga maganar da mai ita bai bi hanyoyin gyara da ke akwai ba. Ka rubuta wa ofishin da ya yi maka laifin, ka tuntuɓi sashen SERVICOM na ma'aikatar, wato sashen da ke sauraron ƙorafin jama'a kan yadda ake yi musu aiki, ka adana kofin kowane saƙo da kwanan watansa. Kiran waya ba ya barin shaida, don haka duk abin da aka faɗa maka da baki, ka bi shi da imel kana maimaita shi.

Inda mazauna waje ke iya yin asara shi ne wa'adi. Wata 12 kacal doka ta bayar daga ranar da abin ya faru. Mutum zai ce bari in dawo gida hutun Sallah in bi sawu da ƙafata, kafin ya ankara shekara ta cika. Ka rubuta tun kana can.

Takardar koken ta ƙunshi cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo, adireshi, lambar waya haɗe da lambar ƙasar, sunan ma'aikatar, abin da ya faru bi da bi, da ainihin abin da kake so a yi maka: a fitar da fasfo, ko a biya bashin watanni kaza. Haɗa kofin rasit da lambar fayil, asalin takardun kuwa su zauna a hannunka. Idan ɗan'uwa ne zai riƙa bibiya a gida, ka ba shi izini a rubuce, domin hukumar ba ta sauraron wanda abin bai shafe shi ba.

Idan koken ya karɓu, hukumar za ta nemi bayani daga ma'aikatar, wadda doka ta ba kwana 30 ta amsa. Tana iya duba fayil ko ta gayyaci jami'ai, daga nan ta ba da shawarar gyara. Shawara ce, ba ta da ƙarfin hukuncin kotu, shi ya sa bibiya ke da muhimmanci. Kuma muddin maganar na gaban kotu ko Majalisar Tarayya, hukumar ba za ta taɓa ta ba.