Kafin bakanike ya ce a sauke inji, duba kalar hayaƙin

'Yan uwa masu tsofaffin motoci a nan Gombe, ku sa wani ya taka totur, ku tsaya bayan salansa ku kalla.

Farin tururi da sassafe a lokacin hunturu ba komai ba ne, inji na ɗaukar zafi zai ɓace. Amma in fari ne mai kauri da ba ya yankewa, ruwan lagireto kuma na raguwa, yawanci gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga ya yi kamar madara, kada ka kama hanyar Bauchi da motar.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. In da safe kawai yake fita, yawanci robar bawul ce. In kullum ne, yawanci ringi ne, wato zoben fistin, ya ci. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, fara da filtar iska, ƙurar nan tamu ba ta barin ta.

Mota na misin, wato inji na rawa? Kwance fulogi. Wanda ya jiƙe da mai ko ya yi baƙi ƙirin, silindarsa ce matsalar. Musanya kwayil ɗinsa, wato abin da ke ba fulogi wuta, da na kusa, in rawar ta bi kwayil, shi za ka saya.