Yadda Ake Gyara Motar Turbo Idan Iska Ta Rinjayi Mai

Ka canza matatar iska ka sa buɗaɗɗiya, ka faɗaɗa bututun salansa, wataƙila ma ka ɗan ƙara matsin turbo. Kwana biyu motar tana tashi kamar ta bar ƙasa. Sai fitilar injin ta kama, sikana ta nuna P0171, wato iskar da ke shiga silinda ta fi ƙarfin man da ake ba ta. Tun daga ranar ka sassauta ƙafa a kan totur har ka gano matsalar. A motar turbo, ƙarancin mai lokacin da ake taka wuta yana ƙara zafin silinda, ya kawo ƙwanƙwasa, ya ci gefen fistin. Gudu ɗaya a kan babban titi ya isa injin ya buga.

Na farko: auna kafin ka sayi komai

Wannan shi ne inda mutane suka fi asarar kuɗi. A ce fulogi ne, a saya. A ce famfon mai ne, a saya. Fitila na nan daram. Fetur yana ƙonewa daidai idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, kuma haka kwamfutar mota ke riƙe shi a salo da tafiya ta hankali. Amma da turbo ya cika, ana son mai ya ƙaru, lissafin ya sauko wajen 11.5 zuwa 12. Idan ka ga 13 ko sama a wannan lokacin, ɗaga ƙafarka nan take.

Haɗa sikana a ramin OBD2, wato mashigar da sikana ke karanta kwamfutar mota, ka bari injin ya yi zafi, ka duba STFT da LTFT, wato gyaran mai na gajeren lokaci da na dogon lokaci. Su ne ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa don cike giɓi. Jimillarsu ta wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai abin dubawa. Karanta su a salo, sannan ka riƙe injin a juyi 2,500 ka sake karantawa. Idan lambar ta yi sama a salo amma ta sauko da ka ba da wuta, iska ce ke satar shiga ta wani wuri. Idan kuwa tana hawa yayin da nauyi ke ƙaruwa, to ko mai ba ya isa, ko sensar auna iska tana rage lissafi. Motoci da yawa suna daina gyara da kansu idan aka take totur har ƙasa, don haka sai da sensar salansa mai faɗin awo za ka ga gaskiyar abin da ke faruwa a can. Ni dai ba na yarda a ƙara wa mota matsi ba tare da ita ba.

Na biyu: nemo inda iska ke shiga

Duk iskar da ta shiga bayan sensar auna iska, wato MAF, kwamfuta ba ta san da ita ba, ba za ta ba ta mai ba. Fara da wurin da hannu ya taɓa kwanan nan: maɗaurin da ba a ƙulle sosai ba, ƙaramin tiyon da aka manta ba a mayar ba, roba da zafin ƙasarmu ya busar har ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Hanya mafi tsabta ita ce a hura hayaƙi cikin bututun iska, injin a kashe, a ga inda zai ɓullo. Masu fesa man wanke kafireta a kan injin mai zafi suna wasa da gobara.

Wata Golf GTI ta 2007 da na yi fama da ita, mai ita har ya je kasuwar Kofar Ruwa a Kano ya sayo nozul huɗu, masu fesa mai. Tana salo sai na ji wani siririn fito daga saman injin. Na kama murfin zuba baƙin mai, ya ƙi buɗuwa sai da ƙarfi, kamar ana jan sa daga ciki. Robar bawul ɗin PCV, mai mayar da tururin cikin injin zuwa bututun iska, ce ta yage, tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Wannan ciwo sananne ne a injinan 2.0 na Volkswagen da Audi. Muka canza, LTFT ta dawo kusa da sifili, nozul ɗin suka koma kwalinsu.

Ka lura da wani abu da ke rikita mutane: tiyon da ke yoyo bayan turbo yana iya jawo iska a ɓoye ko ya zubar da ita, gwargwadon inda yake. Lokacin da matsi ya cika, iskar da aka riga aka auna ce ke tserewa, sai mai ya yi yawa, ba kaɗan ba. Haka kuma huji a salansa kafin sensar iskar oksijin yana sa ta yi ƙaryar cewa mai ya yi kaɗan. Baƙin tabo a bakin mahaɗa shi ne shaidarsa.

Na uku: sensar MAF

Ƙurar hunturu da man da ake shafa wa wasu matatun iska suna lulluɓe siririyar wayar da ke cikinta, sai ta riƙa auna ƙasa da abin da ke wucewa. Cire ta, fesa mata maganin da aka yi dominta kawai, kada ka taɓa wayar da komai, ka bari ta bushe. Idan sabon bututun da ka sa ya fi na asali faɗi a daidai mazaunin sensar, wanki ba zai yi magani ba. Mayar da na asali ka gwada.

Na huɗu: mai yana isa kuwa?

Canza matatar mai tukuna, domin da irin man da muke sha a wasu wurare, tana toshewa da wuri. Sannan ka sa ma'aunin matsi. A motoci da yawa masu nozul a bakin bawul, matsin yana kan bar 3 idan an cire tiyon regileta, kuma dole ya hau daidai da matsin turbo: turbo ya ba da bar 1, mai ya kai bar 4. Idan ya saɓa ya faɗi a saman juyi, famfo ya gaji, ko wutar da ke zuwa masa ta yi rauni. Auna ta a bakin famfon yana aiki. A motoci masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, kwatanta matsin da kwamfuta ta nema da wanda ta samu. A irin waccan Golf ɗin, akwai ɗan ƙoƙon ƙarfe tsakanin babban famfo da kamshaf da ke cinyewa. Zare shi ka duba.

Duba kuma nozul. Idan suna buɗe sama da kashi 85 cikin ɗari na lokacinsu, sun kai iyaka. Fulogi ɗaya fari tas alhali sauran suna da launin ƙasa-ƙasa, mai yiwuwa nozul ɗin wannan silindar ce ta toshe.

Na biyar: saitin kwamfuta

Idan babu yoyo, sensa lafiya, matsi lafiya, amma har yanzu mai na gazawa a sama, to kayan da ka sa sun wuce abin da saitin kamfani ya sani. Ko dai ka mayar da matsin turbo yadda ya zo, ko ka kai wa wanda zai sake saita kwamfutar yana kallon awo, ba wanda zai zuba maka fayil da ya sauke daga intanet ba. Manyan nozul ma ba a sa su sai da sabon saiti.

Bayan kowane gyara, goge lambobin da kwamfuta ta koya, ka yi tafiya ta hankali su zauna. Sannan a titin da babu kowa, a giya ta uku, ka hau a hankali daga juyi 2,500, wani na zaune a gefe riƙe da sikana yana karanto maka lamba da ƙarfi.