Kurakuran da aka fi yi da filastar matsematsi bayan aikin buɗe jijiyar ƙafa

Lokacin da aka yi wa Babanmu aikin buɗe jijiyar ƙafa, wanda likitoci ke cewa anjiyofilasti, ni na yi jinyarsa, kuma gaskiya da na ga wajen sai da na raina shi, ɗan huji ne a matsematsi bai kai ƙwayar wake ba an ɗora auduga an manne da filasta. To ashe ta nan aka zura siririn bututu cikin babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa gaba ɗaya, aka hura ɗan balan-balan aka buɗe inda ya toshe. Fata tana rufewa da wuri amma jijiyar da ke ƙasa ba ta gama haɗewa ba, ga asfirin da kilofidogiral da ake ba mutum don jini kar ya daskare.

Kuskuren farko tun a gadon asibiti ake yinsa, an ce ka kwanta flat ka miƙe ƙafar na wasu awanni, galibi 4 zuwa 6 idan da hannu aka danne wajen, sai 'yan dubiya su shigo mutum ya ce bari ya tashi zaune a gaisa. Dan Allah a gaisa a kwance.

Sai leƙe. Kowa ya zo sai ya ɗaga filastar ya ga "aikin". A bar ta yadda nas ta sa har awa 24 ko lokacin da suka ce, sannan a wanke hannu da sabulu, a ɓare a hankali, a wanke wajen da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a tsane da tawul mai tsabta ba gurzawa ba. Wajen lungu ne mai gumi, in filasta ta jiƙe a canja, kar a bar ta ta kwana a jiƙe. Wanka na zubawa ba laifi bayan kwana ɗaya, amma banda zama cikin baho har kamar mako guda.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gasa wajen da ruwan zafi. Kwana biyu da sallama wajen ya yi shuɗi-shuɗi ya bazu har cinya, Goggo ta ce jini ne ya kwanta, har ta ɗora ruwa a wuta ta ɗauko tsumma da man zafi, wlh da kyar na hana. Wannan tabon ba komai ba ne, da kansa yake washewa cikin mako 2 zuwa 3, gashi da matsa kuwa su ne za su iya tayar da jinin. Hoda ma a'a, man shafawa a'a.

Ɗaukar kaya kuma, abin da ya wuce kilo 5 a haƙura da shi mako guda, kun ga jarkar ruwa mai lita 25 ba ma maganarta ake ba, haka ɗaukar jikoki. Masai na tsuguno da yunƙuri suna takura wajen, mu kujerar roba muka huda masa, sallah ma a zaune ya yi ta kwanakin farko. In tari ko atishawa ya zo a dafe wajen da hannu.

In jini ya ɓalle kuma kar a tsaya ana lafta auduga kan auduga. A kwantar da shi flat, a danne da ƙarfi a kan hujin da ɗan samansa minti 10 zuwa 15 ba ɗagawa ana dubawa, in bai tsaya ba a ci gaba da dannewa har cikin mota zuwa asibiti. Kuma kar wanda ya dakatar da maganin hana daskarewar jinin da kansa don ya ga jini, jijiyar za ta iya sake toshewa, likita a kira.

Ɗan kullutu kamar gyaɗa ana samu. Amma in yana girma ko kana jin yana bugawa kamar zuciya, ko wajen ya yi ja da zafi da mugunya ga zazzaɓi, ko ƙafar ta yi sanyi ta dushe ta mutu, ko ciwon baya da mara ya taso da jiri, wannan ba na kemis ba ne, asibitin da aka yi aikin za a koma ko da tsakar dare ne.