Babi na Bakwai: Kallon Fim a Gida Daga Kwamfuta Guda, da Zaɓen Faifan Ajiya

A gidaje da yawa a Zariya, bidiyon biki da na suna da tafsirin azumi da finafinai a warwatse suke: wasu a wayar maigida, wasu a memorin uwargida, wasu a filashin da yara suka jefar a bayan kujera. Ana iya tara su duka a kwamfuta guda, a jona ta da rauta, wato akwatin da ke raba waifai a gida, sai talabijin ɗin falo da wayoyin 'yan gida su riƙa kallo daga can. Masu gyara suna kiran wannan kwamfutar saba. Kallon ba ya cin data, domin fim ɗin daga kwamfuta yake zuwa rauta, daga rauta zuwa talabijin, bai fita gida ba.

Kayan aikin ba su da yawa: tsohuwar laftof mai batir da rai, rauta, kebul, faifan ajiya, da manhajar rabawa. Manhajar rabawa mai suna Jellyfin kyauta ce, kuma bayan an sauke ta tana buɗewa ko babu intanet. Plex ma tana aiki da kyau, sai dai tana neman a shiga asusu ta intanet, don haka ranar da netwok ya ɗauke takan hana ku kallon abin da ke cikin ɗakinku, in ba a saita ta tun farko ba. Ga gidan da data ke yankewa, Jellyfin muka fi ba da shawara.

Lissafin da za a fara yi

Kowane fim yana da nauyin da yake buƙatar hanya ta ɗauka a daƙiƙa guda. Da megabit ake auna shi. Ku duba girman fim ɗin a giga, ku ninka da 8000, ku raba da yawan daƙiƙoƙinsa. Awa 2 daƙiƙa 7200 ce. Fim mai giga 2 na awa 2 yana buƙatar megabit 2.2 kawai. Mai giga 20 yana buƙatar 22. Mai giga 60, irin na 4K, yana neman kusan 67, kuma a wurin gudu ko faɗa, inda hoto ke sauyawa da sauri, yakan haura 100 na ɗan lokaci. Shi ya sa wani fim ɗin ke tafiya lafiya lau, sai an zo inda ake bin ɓarawo da mota ya cije.

Idan fim yana tsayawa

Ƙorafin da aka fi kawowa shi ne: "Malam, fim ɗin yana sarƙewa, ɗan da'irar nan sai juyawa take yi." Kada a ruga PZ sayen sabon faifai ko sabuwar rauta. Laifin yana ɗaya daga cikin wurare uku ne, ko ma'ajiya, ko hanya, ko talabijin, kuma ana gane shi ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ku fara buɗe fim ɗin a kan ita kwamfutar da manhajar kallon bidiyo ta VLC. In ya sarƙe a nan ma, to fayil ɗin ne ya lalace ko faifan ba shi da lafiya. In ya tafi daidai, ku kwafe shi a filashi ku soka wa talabijin kai tsaye. In ya ƙi buɗewa, ko hoto ya zo babu murya, talabijin ɗin ne bai san irin fayil ɗin ba. In ya yi kyau a duka biyun, hanya ce matsalar, kuma galibi waifai ne.

Waifai galibi yana da zango biyu, na 2.4 da na 5. Na 2.4 ya fi ratsa bango da nisa, amma a unguwa mai cunkoso kamar Tudun Wada ko Sabon Gari, inda maƙwabta da yawa ke da rauta ko MiFi, zangon yakan cushe kamar Kwangila da yamma. In dole ne a zauna a kansa, a shiga saitin rauta a zaɓi tasha ta 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Na 5 ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai bango biyu sun isa su raunana shi. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin birni, da rufin kankare mai rodi, da kwanon rufi, da tankin ruwa, duk suna shanye sigina. Rauta da aka ajiye a zaure ba za ta yi wa ɗakin ƙuryar gida amfani ba. A ɗaga ta sama a tsakiyar inda ake kallo, a fitar da ita daga bayan talabijin ko cikin kabad.

Maganin da ya fi kowanne shi ne kebul. Ko da talabijin zai zauna a waifai, ita kwamfutar a jona ta da rauta da kebul, domin in su biyun suna kan iska, fim ɗin sau biyu zai bi ta iskar, saurin ya ragu. Kebul irin Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar megabit 1000 har tsawon mita 100. A cikinsa akwai ƙananan wayoyi 8. In ɗaya ta katse ko ba a matse kan da kyau ba, sau da yawa haɗin ba ya mutuwa, sai dai ya faɗo zuwa 100 ba tare da kowa ya lura ba. Ku nemi mai tagulla zalla. Mai arha da aka yi da alminiyam aka shafa masa tagulla yana saurin karyewa. In zai ratsa tsakar gida, a zura shi cikin bututun roba saboda rana, kuma da damina a zare shi idan ana tsawa. Talabijin da yawa, har masu tsada, ramin kebul ɗinsu megabit 100 ne. Ya ishi kusan kowane fim, ban da manyan 4K.

Akwai wata sarƙewar da ba ruwan hanya. Idan talabijin bai san fayil ba, manhajar takan shiga sauya fim ɗin zuwa irin da ya sani a daidai lokacin da ake kallo. Aiki ne mai nauyi. Alamarsa, fankar laftof ta hau ƙara, jikinta ya yi zafi, fim ya riƙa tsayawa bayan 'yan daƙiƙoƙi. A shafin kula na manhajar za ku ga an rubuta Transcoding maimakon Direct Play. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka: hoto irin H.265 a tsohon talabijin, murya irin DTS wadda talabijin da dama ba sa karantawa, da rubutun fassara na ƙasan allo idan hoto ne ba rubutu ba. Fassara irin SRT ba ta cika kawo wannan wahala ba. Gyaran shi ne a juya fim ɗin sau ɗaya da manhajar HandBrake zuwa MP4 mai hoto H.264 da murya AAC, a bar shi ya kwana yana yi. Kusan duk wani talabijin da waya sun san wannan haɗin.

"Jiya yana yi, yau ba ya gani"

Wannan kusan kullum bayan an ɗauke wuta ne. Rauta tana raba wa kowace na'ura lambar adireshi, misali 192.168.1.20. Da aka dawo da wuta ta sake rabo, kwamfutar ta samu 192.168.1.23, shi kuwa talabijin yana can yana neman tsohuwar lamba. A shiga saitin rauta, wajen DHCP, a keɓe wa kwamfutar lamba guda ta dindindin. Don gwaji, a rubuta lambar a burauzar waya a ƙara :8096 a ƙarshe in Jellyfin ce. In shafi ya buɗe, kwamfutar tana nan lafiya.

In bai buɗe ba, a duba ko laftof ɗin ta yi barci don an rufe murfinta, a saita ta kada ta yi. A duba ko wayar tana kan waifan baƙi, wanda ke hana na'urori ganin juna. A Windows kuma, faifan waje da jiya yake D yakan koma E idan an riga an soka filashi kafin shi, sai manhajar ta nuna sunayen finafinai amma ta kasa buɗe ko ɗaya.

Zaɓen faifai

Faifai mai tera 1, wato giga 1000 a lissafin kamfani, yana nuna giga 931 a kwamfuta. Ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta. Zai ɗauki finafinai kusan 460 masu giga 2, ko 46 masu giga 20. Bidiyon biki da aka ɗauka da waya mai kyau yakan ci giga 4 zuwa 8 a awa, saboda haka gidan da ake yawan taro ya fara da tera 2 ko 4.

Ba a buƙatar SSD, wato faifai mai sauri da ba ya juyawa, don ajiye fim. Faifai mai juyawa, wato HDD, yana karanta sama da megabait 100 a daƙiƙa, wato megabit 800, ya ishi talabijin da wayoyi biyar a lokaci guda, kuma ya fi arha sosai a kan kowace tera. Inda SSD ke da amfani shi ne cikin laftof ɗin, a ɗora masa Windows da manhajar, hotunan finafinai su riƙa buɗewa da sauri.

Girman jiki ya fi muhimmanci a garinmu saboda wuta. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 daga ramin USB yake shan wuta, don haka in NEPA ta ɗauke, batirin laftof yana riƙe da shi. Babba mai inci 3.5 yana da adafta ta bolt 12 da ake sokawa a bango. Da an ɗauke wuta yake mutuwa nan take, in kuwa yana cikin rubutu ne fayil ya lalace. Wanda zai yi amfani da babba ya sa shi a kan inbata ko UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, tare da rauta. Ƙaramin kuma a soka shi a USB 3.0, mai shuɗin ciki, da gajeren kebul ɗinsa na asali. Tsohon rami na 2.0 ba ya ba da isasshiyar wuta ga wasu, sai a ji faifan yana ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa.

Za ku ci karo da haruffan CMR da SMR, hanyoyi biyu ne na jera rubutu a faifai mai juyawa. SMR yana jera rubutu a kan juna don ya ɗauki kaya da yawa, ya fi arha, kuma kallo a kansa ba matsala, amma in ana zuba masa ɗaruruwan giga a zama ɗaya saurinsa yakan faɗi warwas. Ga akwatin ajiya mai faifai biyu ko huɗu da ke kwana a kunne, CMR, wanda ba ya ɗora rubutu a kan juna, ake sa wa, irin WD Red Plus ko Seagate IronWolf.

Wajen fomat, a guji FAT32, ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. A Windows a zaɓi NTFS, ya fi exFAT jure yankewar wuta.

Faifai na hannu yana da arha, kuma nan ne aka fi yin asara. Kafin a biya a ce wa mai shago: "Alhaji, a jona mini shi in ga lafiyarsa tukuna." Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna shuɗi in lafiya, rawaya in ya fara ciwo, ja in ya gama. Tana nuna awannin da ya yi a kunne. Shekara guda awa 8760 ce, mai 26000 ya yi kusan shekara uku yana juyawa dare da rana. Rawaya ko ja, a bar shi ko nawa aka rage. Filashin da aka rubuta wa tera 2 ana sayar da shi kuɗin kati kuwa jabu ne: zai nuna yana karɓa, alhali yana goge na farko da na baya. Manhajar H2testw tana tona asirinsa.

Zafin bazara a watan Maris da Afrilu yana gajarta ran faifai. Ana so ya zauna ƙasa da digiri 45. Kada a ɗora shi a kan inbata ko rauta, kada kuma a lulluɓe shi da ƙyallen ado irin wanda ake rufa wa talabijin alhali yana aiki. Da hunturu ƙura tana toshe ramukan fankar laftof, a riƙa hure su duk wata. Kada a ɗaga faifai yana juyawa. Ranar da ya fara ƙara kamar ana taɓa agogo, a kwashe abin da ke ciki a ranar, a fara da wanda ba a iya sake samu.

Fim da aka saya ana iya sake saye. Bidiyon ɗaurin auren 'yarku, ko muryar mahaifi da ya rasu, babu inda za a samo su. Irin waɗannan a ajiye su a faifai biyu, na biyun a cire shi daga wuta a sa a durowa ko a kai gidan ɗan'uwa, a riƙa ƙara masa sababbi duk wata. Akwatin da ke rubuta abu ɗaya a faifai biyu lokaci guda bai wadatar ba, domin in yaro ya goge fayil, ko wuta mai ƙarfi ta shigo, duka biyun abin zai shafa.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya zaɓi bidiyo guda a wayarsa, ya rubuta girmansa da tsawonsa a littafi, ya fitar da megabit ɗin da yake buƙata. Sannan ya lissafa irinsa nawa faifai mai giga 931 zai ɗauka. Masu rauta a gida su juya ta, su kwafo adireshin shiga saiti da ke rubuce a ƙarƙashinta, su zo da shi darasi na gaba.