Yadda ake haɗa shirin rediyo na rabin awa a kan tarihin Stade Toulousain

Mai gabatar da shirin wasanni da Hausa a Kumasi ya san masu sauraronsa. Daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango, kowa malami ne a harkar Kotoko da Firimiya, amma ƙwallon zari-ruga baƙuwa ce ga yawancinsu. Idan aka ba ka minti 30 ka kawo tarihin ƙungiyar da ta fi kowace ɗaukar kofi a Faransa da Turai, to kada ka fara da kofunan. Jero shekaru 24 da ta ci gasar Faransa ɗaya bayan ɗaya yana sa mai shayi ya murɗa tasha tun ba ka kai na goma ba.

Minti biyar na farko na ƙa'ida ne, kuma kaɗan ta isa. 'Yan wasa 15 a kowane ɓangare, minti 80, ƙwallo mai siffar ƙwai, ba a jefa ta gaba da hannu sai baya ko gefe. Wanda ya dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5, sannan a ba ƙungiyarsa bugun ƙari na maki 2 ta saman sandar da ke tsakanin dogayen turaku biyu. Bugun tara maki 3 ne. Ka tsaya nan. Bayanin turereniyar 'yan gaba takwas da takwas yana buƙatar ido, a rediyo ɓata lokaci ne.

Kafin ka shiga tarihi, ka raba gardamar suna, domin nan ne masu shiri suka fi yin tuntuɓe. Stade Toulousain ta birnin Tulus ce, a kudu maso yammacin Faransa, rigarta ja da baƙi. Toulon gari ne dabam a bakin Bahar Rum, kuma ƙungiyarsa ma ja da baƙi take sawa, ita ce ta ɗauki kofin Turai sau uku a jere daga 2013 zuwa 2015. Wanda ya nemi hoto a intanet da launin riga kawai zai kwaso na Toulon bai sani ba. Stade Français ta Paris ce. Toulouse FC ƙwallon ƙafa take bugawa. Toulouse Olympique kuma zari-ruga ce ta 'yan wasa 13, wasa dabam mai hukuma dabam. Ka rubuta sunayen nan huɗu a gefen takardarka, ka ja musu layi.

Jikin shirin, kusan minti 15, ka gina shi a kan hawa da sauka. An kafa ƙungiyar a 1907 bayan haɗewar ƙungiyoyin ɗalibai na birnin, shugabanta na farko malamin shari'a ne, Ernest Wallon, wanda filinta ke ɗauke da sunansa har yau. Filin yana cin mutum kusan 19,000, wato bai kai rabin filin Baba Yara na Kumasi ba, kuma wannan kwatancin ya fi adadin zama a kunnen mutumin Kumasi. A 1912 ta ci gasar Faransa karon farko, ta doke Racing Club de France da 8 da 6, ba a ci ta ko sau ɗaya ba a duk kakar. Daga nan sai kofi biyar tsakanin 1922 da 1927, sai ɗaya a 1947.

Bayan 1947 ne labarin yake, don haka ka daɗe a wurin. Shekara 38 ƙungiyar ta yi ba ta ci gasar ƙasa ba. An haifi yara a Tulus, sun yi aure, sun aurar, ba su ga garkuwar a garinsu ba. Garkuwa muka ce da gangan: abin da zakaran Faransa ke ɗagawa ba kofi ba ne, faifan tagulla ne a kan katako, ana kiransa Bouclier de Brennus. Farin ya ƙare a 1985, lokacin da Pierre Villepreux da Jean-Claude Skrela ke horar da ƙungiyar da salon riƙe ƙwallo a hannu da miƙa ta kafin a kayar da mai ita. Sun doke Toulon da 36 da 22 bayan ƙarin lokaci. Duk wanda ya san jiran da magoya bayan Kotoko suke yi wa kofin Afirka tun 1983 zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba, sai dai ka faɗe shi da ladabi, wayar tasha a buɗe take.

Sauran ya fi sauƙin tafiya. Zamanin Guy Novès ya kawo gasar Faransa huɗu a jere daga 1994 zuwa 1997, da kofin Turai na farko a tarihi, wanda aka ci a Janairun 1996 a kan Cardiff da 21 da 18 a garin Cardiff ɗin. Aka ƙara na Turai a 2003 da 2005 da 2010. Ugo Mola ya karɓa a 2015, ƙungiyar ta faɗo ta 12 a teburi a 2017, sannan ta miƙe: gasar Faransa a 2019, 2021, 2023, 2024 da 2025, kofin Turai a 2021 da 2024. Zuwa ƙarshen kakar 2025 lissafin ya tsaya a 24 na gida da 6 na Turai. Ka faɗi shekarar da ka tsayar da lissafi, domin adadin yana motsi.

Kuskure biyu na lissafi suna yawan faruwa. Na farko, kwatanta sakamakon da da na yanzu. A 1912 dangwala ƙwallo maki 3 ne, ya koma 4 a 1971, ya zama 5 a 1992, saboda haka 8 da 6 na wancan zamani ba ya nufin wasan ya yi sanyi idan aka ajiye shi kusa da 59 da 3 da aka yi wa Bordeaux a 2024. Na biyu, ɗauka cewa wanda ya zo na ɗaya a teburi shi ne zakara, kamar a Firimiya. A Top 14, wato babbar gasar Faransa, ƙungiyoyi 14 suna buga mako 26, shida na sama su shiga sili-ɗaya-ƙwale, zakara shi ne wanda ya ci wasan ƙarshe. A 2020 kuma babu zakara sam, annobar korona ta tsayar da gasar, kada ka cike gurbin da hasashe.

Minti biyar ka ba mutane uku, ka zaɓi masu igiya da Afirka. Thierry Dusautoir an haife shi a Abijan a 1981, ya yi kyaftin na Tulus da na Faransa, ya zama gwarzon duniya a 2011. Shahararriyar kayarwarsa 38 a wasa ɗaya da New Zealand a 2007 a rigar Faransa ya yi ta, kada ka jingina wa ƙungiya. Émile Ntamack, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, shi ya ɗaga kofin Turai a 1996, ɗansa Romain ya ci irinsa a 2021. Antoine Dupont ya isa a ambata da gwarzon duniya na 2021 da zinaren Olamfik na 2024, amma zinaren na wasan 'yan bakwai ne.

Ragowar lokacin na masu kira ne, kuma tambayar farko kusan kullum ita ce: “Malam, mu ina ruwanmu?” Amsarka tana gida. Herbert Mensah, tsohon shugaban Kotoko, shi ya jagoranci hukumar zari-ruga ta Gana kafin a zaɓe shi shugaban ta Afirka a 2023. Idan kuma za ka sanar da lokacin wasa, ka tuna Faransa na gaban Gana da awa ɗaya daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, da awa biyu a sauran watanni. Wasan ƙarfe 9 na dare a can ƙarfe 8 ne a Kumasi a Disamba, ƙarfe 7 a Yuni, wato ana idar da magariba ke nan.