Yadda za ka fara aski da aska ba tare da ka tsaga fuskarka ba

Ranar da na fara ɗora aska a fuskata hannuna rawa yake kamar mazari, kuma duk lallaɓawar da na yi sai da na tsaga gefen kunne, ba wai askar ce ta fi ƙarfina ba, dannawa na yi kamar yadda na saba da rezar roba. To ɗan'uwa wannan dannawar ita za ka fara mantawa da ita. Aska ba ta son ƙarfi ko kaɗan, in tana da kaifi taɓa fatar kawai za ka yi ta kwashe gashin, in kuwa ka ji sai ka danna to ta dakushe ne, ajiye ta.

Wajen saye kar ka wahalar da kanka. Nemi irin mai naɗewa cikin mariƙinta, mai faɗin 5/8 na inci wadda bakinta yake a zagaye, mai kusurwa a baki ita ce ke cakar kunne da gefen hanci, bar ta sai hannunka ya faɗa. Garin Solingen na Jamus da Thiers na Faransa sun yi suna a ƙera aska, akwai kamfanin Dovo akwai na Thiers-Issard, amma fa ko daga ina ta fito sau da yawa sabuwar aska ba ta zuwa da kaifin aski, sai an wasa ta a dutse tukuna, kuma wannan ba aikin ɗan koyo ba ne gaskiya, kai wa wanda ya iya. Akwai kuma irin wadda ake saka wa rabin reza, ba ta buƙatar wasawa amma a ganina ta fi saurin yanka mutum.

Kafin kowane aski sai ka goga ta a zirin fata mai kama da bel wanda ake gyara kaifin aska da shi. Ka ɗaure shi a wani abu ka ja ya miƙe sosai, ka kwantar da askar gaba ɗaya a kai, gadon bayanta ne zai riƙa yin gaba kaifin na biye, in ka kai ƙarshe ka juya ta ta kan bayan ba ta kan kaifin ba. Kamar sau 30 zuwa 50 ya isa. A hankali don Allah, ni nawa bel ɗin har yau da tabon yanka uku saboda na so in yi sauri irin na gwanaye.

Sai fuska. Bayan wanka da ruwan ɗumi ya fi, ko ka jiƙa tawul ka ɗora minti 3, gashin ya sha ruwa ya yi laushi. Ka tada kumfa da buroshi, mai santsi da ɗan ruwa-ruwa, in ta bushe a fuska sake shafawa, kar ka taɓa bin busasshen wuri.

Riƙon kuma: babban yatsa a ƙarƙashin wuyan askar, yatsu uku a sama, ƙaramin a kan ɗan wutsiyar nan da ta lanƙwasa, marikin ya ɗaga tsakanin ƙaramin da na kusa da shi. Kwantar da ita a kunci sannan ka ɗan ɗaga bayan kamar kaurin bayan sau biyu, wajen digiri 30 kenan. In ka ɗaga da yawa kankara za ta yi ta bar maka zogi, in ta kwanta da yawa ta wuce gashin. Ɗaya hannun kuma aikinsa jan fatar ta miƙe, ka zagayo da shi ta saman kai ka ja daga sama da saje, inda babu kumfa don kar ya sulɓe. Sai ka sauko gajere-gajere kana bin kwanciyar gashin. Abin da ke yanka mutum shi ne jan askar ta gefe kamar mai yanka da wuƙa, ko ajiye ta tsaye cak a wuri ɗaya kana tunani. In za ka yi tunani ɗaga ta.

Satin farko kunci kawai za ka yi, daga saje zuwa muƙamuƙi, ɓangaren hannun da ka fi iyawa, sauran ka ƙarasa da rezarka ta kullum, babu abin kunya a ciki. Sai ɗaya kuncin, sai wuya, wajen zakaran wuya ka ja fatar gefe ka aske a can. Haɓa da ƙarƙashin hanci su ne ƙarshe, nan ne aski yake zuwa gaban goshi, ni sai da na yi wata guda kafin na taɓa haɓa kuma duk da haka sai da ta ɗan ba ni jini. Kuma in gashinka mai murɗewa ne irin namu kar ka ce za ka aske ta baibai don neman sulɓi, gashin komawa yake cikin fata ya fito maka da ƙurajen aski, bi ɗaya ko biyu ya isa.

In ka gama wanke da ruwan sanyi ka goga alam, zai yi zafi a duk inda ka danna, nan za ka san inda ka yi kuskure, yana kuma tsayar da ɗan jini. Askar kuwa goge kumfar za ka riƙa yi a tawul, kar ka kai ta bakin famfo ta bugu kaifin ya ɓalle, in ta suɓuce kar ka ce za ka cafe, ja ƙafarka baya kawai. Ba a aron aska, ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau ta jini suke bi. Ka tsane ta sosai har cikin marikin domin ƙarfenta da wuri yake tsatsa, in za ta kwana biyu ba a yi amfani da ita ba ka ɗiga mata ɗan mai, ka ajiye ta nesa da banɗaki inda hannun yara ba zai kai ba.