Idan Aka Sauke Ka a Babban Otal a Abuja

Na daɗe ina shirya wa mahalarta taro masauki a Abuja, amma babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wani dattijon hedimasta da muka gayyato daga wani ƙauyen Jigawa. Kwana uku ya yi a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na garin. Ranar da za a watse na shiga ɗakinsa in taya shi ɗaukar jaka, sai na tarar da ledar burodi, gwangwanin madara da ƙullin sukari a kan tebur. Ashe tunda ya zo bai taɓa sauka ya karya ba. Ya leƙa ɗakin cin abinci safiyar farko, ya ga tukwanen ƙarfe masu murfi a jere, ga ma'aikata cikin fararen kaya, ya ce a ransa wannan ya fi ƙarfin aljihunsa. Alhali kuɗin karin nan yana cikin kuɗin ɗaki, an riga an biya. Na ce, "Baba, me ya hana ka tambaye ni?" Ya ce, "Ɗana, ai baƙo ba ya tambayar abin da ba a miƙo masa ba."

A gidan mutum, maganarsa dutse ce. Amma otal ba gidan kowa ba ne, wuri ne da aka biya kuɗi, kuma kunya a nan asara take jawowa: ko ta hana ka abin da yake haƙƙinka, ko ta sa ka biya abin da ba ka yi niyya ba. Tun daga ranar ba na barin baƙona ya hau sama sai na zaunar da shi mun yi wannan bayanin.

Fara da sunan otal ɗin, ka riƙe shi daidai tare da sunan titi. Wanda ake kira Transcorp Hilton a Maitama, a kan titin Aguiyi Ironsi, an buɗe shi ne a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, tun kafin a dawo da fadar gwamnati Abuja a Disambar 1991. Har gobe akwai tsofaffin direbobi da ke ce masa Nicon, ga shi kuma akwai wani otal daban mai suna Nicon Luxury a Garki. Haka Sheraton na titin Ladi Kwali ya koma Abuja Continental a 2022. Idan ka ce wa direba "Nicon" kawai ka yi shiru, kana iya tsintar kanka a wata unguwa. Daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa tsakiyar gari tafiyar kusan kilomita 40 ce, don haka ku gama ciniki kafin ka sa jaka a but.

Yawancin manyan otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana. In ka yi sammako ka iso da hantsi, kada ka zauna rungume da kaya. Ka ba su ajiya, za su ba ka ɗan tikiti, ka tafi sabgarka.

A teburin karɓar baƙi za a nemi shaidarka: katin ɗan ƙasa, fasfo ko lasisin tuƙi. A nan ne za ka yi tambayoyinka, kuma ka yi su da murya a sake. Kuɗin da aka faɗa maka, har da haraji ko ban da shi? Harajin VAT kashi 7.5 ne tun 2020, otal da yawa kuma suna ɗora kuɗin hidima a kai, sai ka ga lissafi ya tashi ya bar abin da ka gani a waya. Karin kumallo yana ciki? Na mutum nawa, kuma ƙarfe nawa ake rufewa? In wata hukuma ce ta gayyace ka, me ta ɗauka, me ta bar maka? Galibi ɗaki da abincin taro ne nata, wanki da duk abin da ka aika a kawo maka ɗaki naka ne. Za su iya neman kuɗin ajiya na ko-ta-kwana. Ka karɓi rasit, ka kuma tambayi yadda ake mayarwa, domin wanda aka cira ta kati yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo asusu.

Katin da za a ba ka shi ne makulli. A wasu wuraren lifta ba ta motsawa sai ka kara shi, a wasu ɗakunan kuma wuta ba ta kamawa sai ka zura shi a wani ɗan rami kusa da ƙofa. Kada ka bari yaron da ya rako ka da kaya ya fita sai ya nuna maka yadda ake rage sanyin ɗaki, wane ɓangaren famfo ne na ruwan zafi, da yadda ake kulle akwatin ajiya da ke cikin kabad. Aikinsa ne, kuma yana jin daɗin a tambaye shi. In ka ba shi ɗan ihsani, ka kyauta.

Yanzu ga ɗan ƙaramin firjin nan. Duk abin da ke ciki na sayarwa ne, lemo, ruwa, gyaɗa, cakulan, kuma farashinsa ya ninka na shago sau da yawa. Ruwan kyauta shi ne wanda aka ajiye a fili kusa da kofunan shayi, shi ma ka tabbatar. Sau tari akwai giya a cikin firjin. Ni da na shiga nake ɗaga wayar ɗaki in ce a zo a kwashe, ba kuma wanda ya taɓa yi mini musu. In da yara ka zo, ka sa a kwashe komai da komai, hankalinka ya kwanta.

Ka zo da butarka. Wannan ita ce shawarar da aka fi yi mini godiya a kanta. Banɗakin irin waɗannan wurare an tsara shi ne don masu amfani da takarda, ba ko'ina ake samun mesar tsarki ba. Ƙaramar butar roba ba ta cin wuri a jaka. Butar lantarki da ke kan tebur kuwa ta shayi ce, baƙo na gaba da ita zai sha, kada ta shiga banɗaki. Ka zo da dardumarka, ko ka tambaya, wasu suna da ita. Alƙibla daga Abuja gabas ce mai karkata arewa, amma a hawa na takwas, bayan lifta da lunguna sun juya ka, ba ka gane gabas da ido. Ka duba waya, ko ka tambayi ma'aikatan, akwai musulmi da yawa cikinsu, su ne ma za su nuna maka inda ake jam'i. Ranar Juma'a in Masallacin Ƙasa za ka, ka fita da wuri, hanyoyinsa suna cushewa.

Hajiya, ke kuma turaren wuta ne nake roƙonki a kai. Na san ɗaki ba ya zama ɗaki sai da shi, amma ɗan faifan nan da ke manne a rufi hayaƙi yake shinshina, kuma bai san bambancin turare da gobara ba. In ya yi kuka, sai an tayar da hawa guda. Ki tsaya ga humra da na fesawa. Haka ɗan ƙarfen da ya leƙo daga rufi ko bango, kan famfon kashe wuta ne, kada a rataya masa riga. Taswirar hanyar fita tana bayan ƙofa, minti ɗaya ya isa a duba inda matakala take.

A wajen karin kumallo, kai za ka ɗauki faranti ka zuba abin da kake so, ka koma ka ƙara in ba ka ƙoshi ba. Za ka samu doya, ƙwai, farfesu, ƙosai, 'ya'yan itace. Inda za ka yi hattara shi ne jerin naman Turawa, siraran yanka da masu kama da tsiran hanji, don a cikinsu akan samu na alade. Ka karanta ɗan katin da ke gaban kowace tukunya, in bai gamsar da kai ba ka kira mai dafawa. Matambayi ba ya ɓata.

Shaddarka mai tsada kada ka jefa ta a jakar wankin otal. Kuɗin kowace riga daban ake lissafawa, kuma inji ba ya yi wa shadda abin da mai bugu yake yi mata. Ka zo da kayanka a goge, akwai dutsen guga a kabad ko za a kawo maka.

'Yan'uwa kuwa za su zo, da zarar an ji kana gari. Ka tarbe su a zauren ƙasa. Ka dai sani duk abin da aka sha aka ce a rubuta a lambar ɗakinka, kai zai jira ranar tafiya, don haka kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. In kuma da direba ka zo daga gida, don Allah ka san inda zai kwana da abin da zai ci kafin ka hau sama. Na sha fitowa da asuba in ga bayin Allah a naɗe cikin mota, sauro na cinsu, mai gidansu yana can cikin bargo. Ka ba shi kuɗin ɗan masauki, ko ka haɗa shi da wani ɗan'uwa a Nyanya ko Kubwa.

Ƙarfe goma sha biyu na rana ake sakin ɗaki a mafi yawan wurare. In jirginka na yamma ne, ka roƙi ƙarin awa ɗaya ko biyu tun da safe, sukan yarda in ba cika aka yi ba. Ka nemi takardar lissafi tun daren, ka bi ta layi-layi a zaune, duk abin da ba ka gane ba ka sa a yi maka bayani. Kafin ka ja ƙofa, buɗe akwatin ajiya ka shafa cikinsa da hannu, ɗaga filo, leƙa bayan gado inda ka maƙala caja, sannan ka duba bayan ƙofar banɗaki, nan ake yawan barin hula da carbi.